Za Su Iya Tilasta Mana Auren Jinsi? Amsar Wani Lauya

Wani malamin makarantar sakandare ne ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ƙurar yarjejeniyar Samoa ta tashi, wato takardar da Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai a 2024, wadda aka yi ta yaɗa cewa amincewa ce da auren jinsi a kan dala biliyan 150, ɗalibansa suka hana shi sakat, shi kuma ba ya so ya faɗa musu abin da ba shi da tabbas a kai. Tambayar tasa kashi biyu ce. Yaya aka yi Amurka da ƙasashen Turai suka kai ga halatta namiji ya auri namiji, mace ta auri mace, alhali kakanninsu ɗaure mutum suke yi a kan haka? Sannan shin sa hannu a wata takarda ko cin bashi a hannunsu zai iya sa mu wayi gari an halatta shi a Najeriya?

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya neman tabbas kafin ka buɗe baki a gaban yara. Bari in fara da ta biyun, don ita ce ke hana mutane barci. A'a, ba zai yiwu ba. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ce duk yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Minista zai iya sa hannu a takarda ɗari a ƙasar waje, alƙali a Gusau ko Fatakwal ba zai yi hukunci da ko ɗaya ba matuƙar ba ta ratsa majalisa ba. Ita kuwa majalisar, dokar da ta yi a kan wannan batu haramci ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014, kuma tana nan daram.

Ni Musulmi ne, kuma ba ni da ruɗani game da hukuncin luwaɗi da maɗigo a addinina. Auren da na sani na namiji da mace ne, da waliyyi da sadaki da shaidu. Na faɗi wannan tun farko domin idan na kawo hujjojin ɗaya ɓangaren yadda masu su ke faɗarsu, kada a ce na sauya sheƙa. Lauyan da bai iya faɗin hujjar abokin karawarsa daidai ba, bai shirya shiga kotu ba.

Abin da ya fi ɓata wannan muhawara a wurinmu shi ne muna zuba maganganu daban-daban a tukunya ɗaya. Ko hukuma za ta ɗaure mutum a kan abin da ya yi a ɗakinsa magana ce guda. Ko hukuma za ta rubuta zaman mutum biyu a matsayin aure, ta ba su takarda da gado, wata magana ce dabam. Akwai kuma batun ko wanda ake zargi yana da kariya daga duka da kisa a titi. Ƙasa tana iya amsa ɗaya da "e" ta amsa ɗaya da "a'a". Indiya ta nuna haka: a 2018 Kotun Ƙolinta ta ce ba za a ƙara hukunta baligai a ƙarƙashin sashe na 377 na kundin laifuffukan ƙasar kan abin da suka yi da yardarsu ba, amma a 2023 kotun nan ta ƙi halatta auren, ta ce wannan aikin majalisa ne. Botsuwana da Mozambik da Angola duk sun daina ɗauri a kai, babu wadda ta halatta aure. A duk Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce kaɗai ta yi, a 2006, kuma dalilinta na cikin gida ne: bayan wariyar launin fata sun rubuta kundin 1996 wanda ya hana nuna bambanci ta kowace fuska, har da wannan, kotun tsarin mulkinsu kuma ta riƙe su da abin da suka rubuta da hannunsu.

Yanzu ga yadda abin ya faru a can. Ka yi gaskiya da ka ce kakanninsu ɗauri suke yi. Ingila ba ta sassauta ba sai 1967. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana lissafa shi cikin cututtuka har 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma har 1990. Ko a 1986 Kotun Ƙolin Amurka cewa ta yi jihar Jojiya tana da ikon hukunta masu yi, sai a 2003 ta warware wannan hukunci a wata shari'a daga Teksas. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce aure a idon gwamnatin tarayya na namiji ɗaya da mace ɗaya ne, kuma a shekarar cibiyar Gallup ta gano kashi 27 cikin ɗari ne kacal na Amurkawa ke goyon bayan auren jinsi. A zaɓen Nuwamban 2004 jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta shi a rana ɗaya. Kalifoniya, wadda ake ganin ta fi kowa sakin fuska, ta haramta shi da ƙuri'a a 2008. Barack Obama da bakinsa ya ce aure na namiji da mace ne lokacin yaƙin neman zaɓen 2008, bai sauya magana a fili ba sai a watan Mayun 2012.

To me ya juya su cikin ƙasa da shekara 20? Babu wata ƙasa da ta matsa musu. Abin daga tushen auren nasu ya taso. A wurinsu aure ya daɗe da zama rajistar hukuma wadda ake iya yi ba tare da coci ba, kuma hukuma ta rataya abubuwa masu yawa a jikin wannan takarda: haraji, fansho, inshorar lafiya, gado, izinin zama a ƙasa, da wanda likita zai saurara idan mara lafiya ya kasa magana. An ƙirga tanade-tanade sama da dubu a dokokin tarayyar Amurka waɗanda suka dogara ga ko mutum yana da aure. Sannan tun shekarun 1960 ma'anar aure a zukatansu ta riƙa gusawa daga haɗa zuriya da zumunci zuwa yarjejeniyar soyayya tsakanin mutum biyu, saki ya yi sauƙi, zama ba aure ya daina zama abin kunya. Da aure ya koma haka, sai masu fafutuka suka ce: idan dai soyayya ce da takardar hukuma, don me za a hana mu? Annobar ƙanjamau a shekarun 1980 ta ƙara wa maganar zafi, don an ga mutanen da suka yi jinyar abokan zamansu shekara da shekaru ana tare su a ƙofar asibiti, ana cewa ba dangi ba ne.

Shi ya sa manyan shari'o'in biyu duk a kan mutuwa suka taso. Wata dattijuwa mai suna Edith Windsor ta ɗaura aure da abokiyar zamanta a Kanada a 2007. Da abokiyar ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya, gwamnati ta caje ta harajin gado sama da dala dubu 363, kuɗin da ba za a karɓa ba da miji ne ya mutu ya bar ta. Ta kai ƙara, a 2013 Kotun Ƙoli ta rushe wancan ɓangare na dokar Clinton. Shi kuma Jim Obergefell na jihar Ohayo, abokin zamansa John Arthur yana kwance da cutar da ke shanye jiki, ba ya iya tashi. Jiharsu ba ta yarda da auren ba, sai suka yi hayar jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa jihar Merilan, aka ɗaura a cikin jirgin yana tsaye a filin sauka, cikin 'yan mintuna, suka juyo gida. Bayan wata uku Arthur ya mutu. Abin da Obergefell ya nema a kotu shi ne a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa a matsayin wanda mamacin ya bari. Wannan ƙara ce ta kai ga hukuncin ranar 26 ga Yunin 2015, inda alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka wajabta wa jihohi 50 duka. Lauyoyinsu sun san abin da suke yi da suka zaɓi irin waɗannan mutane. Sun kawar da idon jama'a daga abin da ake yi a ɗaki, suka mayar da shi kan gawa da gado.

Hujjar masu rinjaye, wadda Mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta, ta tsaya a kan gyara na 14 na kundinsu, wanda ya ce kowa daidai yake a gaban doka. Sun jingina da hukuncin 1967 wanda ya soke dokokin da suka hana baƙi da farare auren juna. Masu adawa suka ce kwatancin bai yi ba: launin fata bai taɓa shiga ma'anar aure ba, amma namiji da mace su ne ma'anar kanta, kuma aure ya girmi kowace gwamnati, an kafa shi ne domin ɗan da za a haifa ya san uwarsa da ubansa. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ɗauki wata hanya wadda a matsayina na lauya ta fi kama ni. Ya ce shi ba ya tsaya a kan kyau ko munin abin ba ne, tambayarsa ita ce wa ke da hurumin yanke shi, jama'a ta hannun wakilansu ko lauyoyi biyar sanye da rigar alƙalci. Ya kuma lura cewa hujjar da aka kawo za ta iya shafar auren mace fiye da ɗaya, wanda Amurka ta haramta tun ƙarni na 19. A nan duk Bahaushe zai ɗaga kai. Ƙasar da ta ce hukuma ba ta da ikon zaɓa wa baligai wanda za su aura, har gobe ba ta yarda da mai mata biyu ba. Wannan ya nuna maka kowace al'umma tana da iyakar da ta shata, kuma daga tarihinta take shata ta.

Ba ko'ina kotu ce ta yanke ba. Holan, wadda ta fara a duniya a 2001, ta majalisa ta bi. Faransa ma haka a 2013, bayan dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Faris suna adawa. Ayalan, ƙasar Katolika, ƙuri'ar raba gardama ta yi a 2015, kashi 62 cikin ɗari suka amince. Kuma ko a Amurka ba a rufe babin ba. An tsare wata magatakarda a jihar Kentaki kwana biyar saboda ta ƙi ba da takardar auren, an yi shari'ar mai gasa kek ɗin biki da ya ce imaninsa ya hana shi, har a 2022 majalisarsu ta yi sabuwar doka don tsoron kada wata rana kotu ta janye hukuncinta. Coci ma ya dare. Naɗa bishop mai abokin zama namiji a Amurka a 2003 ya raba ɗarikar Angalika, kuma Akbishop Peter Akinola na Najeriya yana sahun gaba na waɗanda suka ja daga. Da Fafaroma Francis ya ba da izinin sa wa irin waɗannan mutane albarka a Disamban 2023, ba tare da ɗaura musu aure ba, bishop-bishop na Afirka suka ce ba za su yi ba a nahiyarsu.

Dokokin ƙasa da ƙasa fa? A 2002 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saurari ƙara daga Niyu Zilan, ya ce yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa ƙarar a kanta ba ta wajabta auren jinsi ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta faɗi irin haka a 2010 a kan Ostiriya. Misalin da ya fi kusa da abin da ake tsoro shi ne Kosta Rika, inda wata kotun yanki ta ba da ra'ayi a 2018 aka halatta a 2020, amma gwamnatin ƙasar ce ta je ta nemi ra'ayin, kotunta ta gida kuma ta zartar.

Ita yarjejeniyar Samoa, an ƙulla ta ne a Nuwamban 2023 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000. Najeriya ta jinkirta, ta sa hannu a ƙarshen Yunin 2024. Na karanta ta. Babu auren jinsi a ciki, babu sunan 'yan luwaɗi. Turawa sun so a ambaci wannan a fili lokacin tattaunawa, ƙasashenmu suka ƙi, aka tsaya a kan jimlar hana nuna bambanci saboda jinsi, ƙabila, addini da "wani matsayi". Wanda ya ce a sa ido a kan irin wannan buɗaɗɗiyar kalma bai yi laifi ba, aikin lauya ke nan. Amma cewa an sayar da mu a kan dala biliyan 150 ba gaskiya ba ne. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba ta ce babu, jaridar da ta fara buga labarin ma daga baya ta ba da haƙuri. Sai dai huɗubar da aka yi ranar Juma'a ta riga ta shiga kunne, gyaran kuwa kaɗan ne suka ji.

Kada kuma ka ce wa yaran babu matsin lamba, akwai shi. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta 'yan luwaɗi. Da Yuganda ta yi dokarta mai tsanani a 2023, wadda ta tanadi kisa a wasu halaye, Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi, Amurka kuma ta cire ta daga tsarin rangwamen kasuwanci na AGOA. A Ghana majalisa ta zartar da nata ƙudurin a Fabrairun 2024, ma'aikatar kuɗi ta yi gargaɗin asarar tallafi, Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa hannu ba. Amma ka lura, duk wannan matsi a kan ɗauri da kisa ne, ba a ce wa kowa ya ɗaura aure ba. Kuma sau da yawa matsin ƙara taurin kai yake jawowa, don ba wanda ke so a ce da kuɗi aka saye shi. A Najeriya, inda binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 98 cikin ɗari ba su yarda al'umma ta karɓi abin ba, wane ɗan majalisa ne zai miƙe ya kawo ƙudurin halatta shi sannan ya koma mazaɓarsa?

Abin da ya fi damuna, Malam, yana cikin gidanmu. Tun kafin 2014 luwaɗi laifi ne a Najeriya, shekara 14 a kundin laifuffuka na Kudu da na Arewa, kuma asalin waɗannan sassa daga Turawan mulkin mallaka ne, na Arewa ya biyo ta Sudan daga kundin Indiya na 1860. Jihohi 12 da suka kafa shari'ar Musulunci tun daga Zamfara suna da nasu hukuncin mai tsanani. Babu kuma wani ofishin rajista da ya taɓa ɗaura irin wannan aure. Dokar 2014 ta sa shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga shaidu da masu taimakawa, sannan ta ƙara shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna soyayyar jinsi a fili, "kai tsaye ko a fakaice". Wannan ƙarshen ina da ja a kansa. Dokar laifi dole ta fayyace abin da ta hana. A garin da abokai maza ke tafiya riƙe da hannun juna, samari biyar ke kwana a shago ɗaya, mene ne nunawa a fakaice? Kalma mai faɗi irin wannan makami ce a hannun mai neman cin hanci da mai ƙullin gaba. Makonni kaɗan bayan sa hannu, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauchi ana tsakar sauraron ƙarar waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A unguwar Gishiri ta Abuja an fito da mutane daga ɗakunansu cikin dare ana dukansu da sanduna.

Babu dokar da ta yarda da wannan, ta boko ko ta Musulunci. Kundinmu ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Shari'a ta fi tsanani ma. A mazhabar Malikiyya da muke bi ana neman shaidu huɗu adalai da suka gani da ido, ko mutum ya yi iƙirari da kansa ba tare da tilas ba. Wanda ya jefi wani da luwaɗi ya kasa kawo shaidu, shi ne mai laifin ƙazafi, bulala 80 ke kansa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Mai ƙwace wayar wani yana tona saƙonninsa, da mai yaɗa hoton bawan Allah a Facebook da sunan kishin addini, sun taka haramcin da ba shi da shakka don su hukunta laifin da ba su tabbatar ba.

Wata shekara, ana saura kwana goma Sallah, wata dattijuwa ta shigo ofishina. Ta zauna a bakin kujera, ta kwance bakin gyalenta ta fito da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, ta ce in saurara. Saƙon murya ne na ƙasa da minti ɗaya, wani yana kiran sunan ɗanta da unguwarsu da inda shagonsa yake, yana cewa a kula da yara. Yaron tela ne, mai sanyin murya, ba ya shiga majalisar samari. Ita ta ce tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi. Wanda ya yi saƙon tsohon yaron shagonsa ne da suka rabu a kan kuɗin ɗinki. Cikin kwana biyu mutane suka yi ta zuwa suna karɓe yadinsu, wasu an riga an yanka, mai shagon ya ce ya kwashe kayansa, iyayen yarinyar da yake nema suka aiko da kayan sa rana a cikin buhu. Na ce mata muna da ƙarar ɓata suna mai ƙarfi, a kotun majistare ko ta shari'a, duk wadda ta zaɓa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Lauya, in mun je kotu ai sai an sake faɗin maganar a gaban mutane." Ba ta shigar da ƙarar ba. Da daddare aka ɗora keken ɗinkinsa a bayan a-kori-kura, ya tafi wurin kawunsa a wata jiha, ita kuma ta yi Sallar nan ƙofarta a rufe.